Kulob Ɗin Matasanmu: Haƙƙin Shugabanni, 'Yan Wasa da Magoya Baya

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawanmu, tsohon ɗan wasa kuma tsohon ma'ajin kulob ɗin ƙwallon matasa, ya gabatar a taron ƙungiya a nan Mubi. Mun buga shi domin amfanin 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, iyayenmu malamai Allah ya gafarta muku, shugabannin wannan ƙungiya, iyayenmu mata, 'ya'yanmu matasa, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An ɗora mini nauyin in yi magana a kan kulob ɗin ƙwallon matasanmu, kuma kowa a nan ya san dalili. Wasanmu na baya-bayan nan da ruwan duwatsu ya ƙare. A cikin Keke Napep aka fitar da alƙalin wasa, an fasa wa yaro ɗaya daga cikin abokan karawarmu kai har sai da aka yi masa ɗinki, yaranmu biyu kuma suka kwana a hannun 'yan sanda, sai da dattawa suka je suka yi belinsu. Tun daga ranar wasu iyayenmu ke cewa a rushe kulob ɗin kowa ya huta, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ban ga laifinsu ba. Amma kafin a yanke hukunci ina roƙon a ba ni 'yan mintoci, saboda na buga wa kulob ɗin nan wasa ina saurayi, na riƙe masa jaka ina magidanci, yau kuma ina zama a bakin fili ina kallo. Wato na zauna a kujerun nan uku duka, kuma a kowace na yi kuskure.

Abin da na zo in faɗa shi ne, ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ya ɗauki dutse ran nan yana da laifi, kuma ba zan wanke shi ba. Sai dai rikicin ya daɗe yana dahuwa tsakanin shugabanni da 'yan wasa da magoya baya, kowa na jin ɗan'uwansa ya ci masa haƙƙi, kuma babu wurin da za a zauna a faɗa wa juna gaskiya. In muka gyara wannan, mun gyara kulob. In ba mu gyara ba, ko mun rushe wannan mun kafa wani, 'yar gidan jiya za a koma.

Bari in fara da gidan da yawancinmu muka fi sani, wato Kano Pillars, domin ko a nan Mubi in aka ce "Sai Masu Gida" za ka ji an amsa. An kafa Pillars a 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Nijeriya, ta hanyar haɗe ƙananan kulob-kulob uku na Kano, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ta ɗauki kofin lig sau 4, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al-Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe. Ta yi kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida ba a wasan lig, sai a watan Agusta na 2015 da Nasarawa United ta je har filin Sani Abacha ta ci ta 2 da 1. Duk wanda ya taɓa shiga filin nan na Ƙofar Mata ranar wasa ya san sirrin. Jama'a ce. Fili ya cika maƙil tun kafin La'asar, ganga na tashi, baƙo ya shigo gwiwarsa ta yi sanyi tun bai taɓa ƙwallo ba.

To, amma ku dubi ɗaya ɓangaren. A watan Yuni na 2019, a filin Agege da ke Legas, bayan an tashi kunnen doki da Rangers ta Enugu, magoya baya suka ɓarke cikin fili suka bi alƙalin wasa. Aka ci Pillars tarar naira miliyan 8, aka yanke wa kyaftin ɗinta Rabi'u Ali hukuncin dakatarwa na wasa 12. A watan Afrilu na 2022 aka tashi wasanta da Katsina United ba a gama ba, aka farfasa motar baƙi, aka ci ta tarar naira miliyan 9, aka mai da wasanninta Abuja. A watan Yuni na wannan shekarar dai, a wasanta da Dakkada, shugaban kulob ɗin na lokacin da kansa ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu, aka hukunta shi, aka zaftare wa Pillars maki. Da kakar ta ƙare sai ga mai kofi 4 ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. Bugu da ƙari, a watan Oktoba na 2025, da Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana dab da tashi, aka sake shiga fili aka yi ɓarna. Hukumar lig ta ci ta tarar naira miliyan 9 da rabi, ta cire mata maki 3, ta tura wasanninta Katsina. Ahmed Musa, wanda aka naɗa babban manajan kulob ɗin a wannan shekarar, dole ta sa ya fito ya ba jama'a haƙuri.

Jama'a, kun ga hannun da ya ɗaga Pillars shi ne kuma ya sha kayar da ita. Kuma ku lura da abin da ya faru a 2022. In shugaba ya ɗaga hannu a kan alƙali, da wane baki zai hana ɗan shekara 15 ɗaukar dutse? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Pillars tana da gwamnati a bayanta da za ta biya tara. Mu nan wa zai biya mana?

Yanzu bari in ɗauki ɓangarorin nan ɗaya bayan ɗaya, in fara da mu shugabanni, domin mu ne da babban kaso.

Cutarmu ta farko ita ce jingina kulob ga aljihun mutum ɗaya. Alhaji wane ya sayi jesi, ya sayi ƙwallaye, ya biya kuɗin mota, Allah ya saka masa da alheri. Amma daga nan sai kulob ya zama nasa. Shi zai ce a sa ɗan ƙanensa a gaba, shi zai kori koci da dare, ranar da ya yi fushi ko kasuwa ta juya masa baya kuma sai kulob ya mutu. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki kofin lig a 1978, yau yaranmu ko sunanta ba su sani ba. Leventis United ta Ibadan ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1985, ta ɗauki lig a 1986, amma da kamfanin ya janye hannunsa, kafin 1990 an rufe ta. Manyan kulob-kulob na Arewa kuwa, irin su Pillars da Katsina United da El-Kanemi Warriors da Wikki Tourists da Adamawa United tamu, gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su. In gwamnati ta sauya sai a sauya shugabanni, in kuɗi bai fito daga baitulmali ba sai 'yan wasa su yi ta jiran albashi. Mai biyan kuɗi ɗaya ne, saboda haka mai magana ma ɗaya ne.

Cuta ta biyu ita ce rashin lissafi, kuma a nan kaina zan fara tuhuma. Na yi shekaru ina riƙe da jakar kulob ɗin nan, kuma Allah ne shaidata ban ci ko kwabo ba. Amma lissafin a kaina yake, da bayan wata tsohuwar ambulan. An yi karo-karo a kasuwa, an zagaya da kwano a fili, wani ɗan siyasa ya zo ya yi alkawari a lasifika, rabin kuɗin ma bai iso ba. Ni na san bai iso ba, amma 'yan wasa da magoya baya abin da suka ji a lasifika suka riƙe. Ban taɓa tara su na karanta musu abin da ya shigo da abin da ya fita ba. Sai da na ji yaron da na goya yana cewa "su Baba sun cinye", sannan na gane cewa gaskiyar da ba a rubuta ba, ba ta kare mai ita daga zargi.

Cuta ta uku ita ce son nasara ta kowace hanya. Wannan jihar tamu ta taɓa shiga bakin duniya a kan haka. A watan Yuli na 2013, a Bauchi, a wasannin neman hawa rukuni na gaba, kulob biyu suka yi kankankan a maki, sai ya zama yawan ƙwallaye ne zai raba gardama. Aka tashi Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta Adamawa ta ci Bubayero ta Gombe 67 da nema. Duniya ta yi mana dariya. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da kulob-kulob ɗin guda 4 na shekara 10, ta haramta wa 'yan wasa da jami'ansu harkar ƙwallo har abada. Ku tambayi kanku, yaran da suka buga wasan nan su suka ƙulla wannan ciniki? Manya ne suka ƙulla, yara suka rasa makomarsu. Mu ma a nan ƙaramin mataki mun san ana sa wa alƙali "kuɗin ruwa" a aljihu, ana rage wa ɗan wasa shekaru a takarda, ana ɗauko sojan haya daga wani gari ranar wasan ƙarshe. Magoya baya suna gani. Wanda ya san kulob ɗinsa na sayen alƙali, duk ranar da aka ci shi zai ɗauka abokin karawa ne ya fi shi tayi. Daga nan dutse yake fitowa.

Sai 'yan wasa. 'Ya'yana, zan fara da haƙƙinku kafin in zo kan laifinku. Ɗan wasa shi ne ke sa jikinsa da ransa. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, za su Owerri wasa, suka raunata 'yan wasa 5, ciki har da Gambo Muhammad. A watan Fabrairu na 2021 aka tare motar Adamawa United a hanyar Benin zuwa Ore, za su Legas, aka ƙwace wa yara kuɗi da wayoyi, aka tafi da direba, sai bayan kwanaki aka sako shi. A watan Maris na 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi ana cikin wasa a Lafiya, motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi, yaro ya rasu. Waɗannan fa ƙwararru ne masu albashi. To, ina ga namu da ke bugawa a kan tsakuwa, ba likita, ba ko akwatin magani?

A zamanin da nake ma'aji wani yaronmu ya karye a ƙafa yana buga mana wasa. Ranar kowa ya yi juyayi, aka haɗa ɗan abin da aka haɗa aka kai shi wajen mai ɗori. Bayan mako biyu babu wanda ya sake leƙa shi, har da ni. Yaron nan shi ke taimakon mahaifiyarsa da ɗan abin da yake samu a kasuwa, ya yi watanni a kwance. Har yau in na gan shi yana ɗingishi sai in sunkuyar da kai. Sauran yaran sun ga abin da aka yi masa, kuma sun koyi darasi: kowa ya yi ta kansa. Alkawari kaya ne. In mun ce za mu ba da alawus in an ci wasa, to a bayar, in babu hali kada a ɗauki alkawarin tun farko. Yaro ya fi yafe maka "babu" a kan "gobe" wadda ba ta zuwa.

Amma ku ma kuna da naku. Akwai mai zuwa atisaye sai ya ga dama, ranar wasa kuma ya ce dole a sa shi. Akwai mai buga mana yau, gobe a gan shi da jesin wani kulob saboda an ba shi kuɗin shayi. Akwai masu haɗiyar ƙwaya wai don su sami ƙarfi, alhali kuwa zuciyarsu da ƙwaƙwalwarsu suke kashewa. Mafi muni shi ne ɗan wasan da in alƙali ya busa abin da bai so ba sai ya ɗaga hannu sama ya juya wajen 'yan kallo. Wannan ɗaga hannun kira ne, kuma ran nan mun ga yadda aka amsa shi. Ku dubi Ahmed Musa. A kakar 2009 zuwa 2010 ya ci wa Pillars ƙwallo 18, daga nan ya tafi Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya, ya ci Ajantina biyu a gasar kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018, sannan a 2021 ya dawo ya sake sa jesin Pillars. Baiwa ce ta buɗe masa ƙofa, amma ladabi da riƙon atisaye ne suka zaunar da shi a ciki. Babu mai neman 'yan wasa da zai ɗauki yaron da aka sani da bin alƙali da gudu.

Sai magoya baya, kuma ina cikinku. Mu ne gishirin wasa, in babu mu atisaye ake yi. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, nawa ne a cikinmu suka taɓa sa ko naira ɗari a asusun kulob ɗin nan? Mutum zai biya kuɗin gidan kallo sau uku a mako don ya ga Arsenal ko Barcelona, ya yi musu har muryarsa ta dushe, amma in aka zo da kwanon kulob ɗin unguwarsa sai ya kau da kai. Daɗin daɗawa yanzu ga cacar ƙwallo ta shigo cikin wayoyin yaranmu, har ta sauko kan ƙananan wasanni, ana sa kuɗi tsakanin matasa a bakin fili. Wanda ya sa kuɗin jarinsa a kan wasa, ba kallon ƙwallo ya zo yi ba, kuma ba zai karɓi ƙaddara ba. Malamanmu suna nan, sun fi ni sanin hukuncin caca. Akwai kuma masu zuwa lokacin zaɓe su raba wa magoya baya riguna da 'yan kuɗi, su mai da su 'yan banga, zaɓe ya wuce su watsar da su da ɗabi'ar da suka koya musu.

Duk da haka ina da uzuri ɗaya da zan yi wa magoya baya. Ba mu taɓa ba su kujera ba. Ba a shawara da su, ba a karanta musu lissafi, ba su da hanyar kai kuka. In sun ga an ajiye yaron da ya fi iyawa an sa ɗan gidan Alhaji, wa za su gaya wa? Mutumin da ba shi da murya a ɗakin taro, a bakin fili zai yi maganarsa, kuma ba da lafazi mai daɗi ba.

Wasu ƙasashe sun gane wannan tuntuni. A Jamus akwai ƙa'ida tun 1998 wadda ta ce, ban da 'yan kaɗan da aka keɓe, membobin kulob su ne za su riƙe rinjayen ƙuri'a, komai kuɗin da attajiri ya zuba. Real Madrid da Barcelona da yaranmu ke mutuwa a kansu, membobi ne ke zaɓen shugabanninsu da ƙuri'a. A watan Afrilu na 2021 manyan kulob-kulob 12 na Turai suka sanar da wata sabuwar gasa ta su-ya-su ba tare da sun shawarci kowa ba. Magoya baya a Ingila suka fito suka ce ba su yarda ba, cikin kwana biyu zuwa uku kulob 6 na Ingila suka janye, shirin ya wargaje. Ko nan maƙwabtanmu Garwa akwai abin koyi. Coton Sport, wadda aka kafa a 1986 a ƙarƙashin kamfanin auduga na Sodecoton, ta ɗauki renon yara da muhimmanci, ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, kuma daga cikinta Vincent Aboubakar ya fito. Waɗanda suka tsallaka Garwa a watan Janairu na 2022 kallon Super Eagles sun ga yadda mutanen garin suka karɓe mu. Har Tunisiya ta fitar da mu da ci ɗaya, aka watse kowa ya kama hanyarsa.

In kuwa aka bar abu ya lalace, ƙarshensa ba tara ba ce kawai. A ranar 9 ga Mayu 2001, a Accra, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan kallo suka fara jifa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga ƙofofi suka tarar da su a rufe. Mutum 126 suka mutu. Da jifa aka fara, kamar yadda muka fara.

Yanzu bari in zo kan abin da ya shafe mu mu kaɗai, mu Hausawa mazauna Mubi. Kakanninmu da iyayenmu sun zo garin nan daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya da sauran wurare, wasu da fatauci, wasu da harkar shanu, wasu da allo. Suka tarar da Fulani da Gude da Fali da Njanyi, ga Margi da Kamwe da Kilba, aka ba su masauki, aka yi auratayya, har mu da aka haifa a nan ba mu da wani gida da ya fi wannan. Jarin da suka bar mana shi ne mutunci. To, ku sani duk ranar da yaranmu suka yi jifa a fili, babu mai cewa "magoya bayan kulob kaza sun yi faɗa". Cewa za a yi "Hausawa sun yi faɗa". Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mai shago a kasuwa da mai sayar da shanu a tike, waɗanda ba su san ma an yi wasa ba, su za su ɗauki kunyar.

Kuma garin nan ya sha wuyar da ta isa. Ba mu manta ranar 1 ga Yuni 2014 ba, da bam ya tashi a Kabang a inda jama'a suka taru saboda ƙwallo, aka rasa rayuka masu yawa, har gwamnatin jiha ta rufe gidajen kallo ana shirin gasar kofin duniya. Ba mu manta ƙarshen Oktoba na wannan shekarar ba, da aka ƙwace garin muka watsu, wasu Yola, wasu Kamaru, wasu cikin duwatsu. Da Allah ya dawo da mu, ɗaya daga cikin abubuwan da suka nuna mana gari ya farfaɗo shi ne ganin yara sun sake kafa duwatsu biyu suna buga ƙwallo da yamma. A filin ƙwallo ne ɗan Sabon Layi da ɗan Lokuwa da ɗan Kolere da ɗan Wuro Patuji suke haɗuwa, Musulmi da Kirista a jesi ɗaya, ba mai tambayar wani yarensa kafin ya ba shi ƙwallo. Wurare irin wannan ba su da yawa a garin nan. In muka rushe kulob, yaran ba za su koma gida su zauna ba. Za su tafi inda ba ma ganinsu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, shawarata ita ce kada a rushe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A dakatar da shiga gasa na wata uku, a yi waɗannan abubuwa.

Na farko, tun kafin komai, a tashi tawaga ta dattawa da shugabannin kulob da kyaftin da wakilan magoya baya, a je gidan yaron da aka fasa wa kai da gidan alƙalin wasa, a ba da haƙuri, a biya kuɗin magani daga asusun ƙungiya. A kuma je wajen shugabannin unguwar abokan karawarmu. Wanda ya yi jifa ya bi tawagar, ya buɗe baki da kansa.

Na biyu, a rubuta wa kulob tsarin mulki, ko da shafi biyu ne. A riƙa zaɓen shugabanni duk bayan shekara biyu. Mai ba da gudummawa a gode masa a bainar jama'a, a yi masa addu'a, amma kuɗinsa ba zai ba shi ikon zaɓen 'yan wasa ba. Wannan aikin koci ne shi kaɗai, in ya gaza kwamiti ya zauna ya sauke shi da rana tsaka.

Na uku, a buɗe rajistar membobi, a yi kati, a sa ɗan kuɗin wata wanda mai turin baro ma zai iya biya. Duk mai kati yana da ƙuri'a ɗaya, daidai da ta Alhaji. Magoya baya su zaɓi mutum biyu su zauna a kwamiti, 'yan wasa ma su ba da mutum ɗaya bayan kyaftin. Wanda ya yi jifa ko ya shiga fili a karɓe katinsa, kuma 'yan'uwansa membobi ne za su karɓe, ba 'yan sanda ba.

Na huɗu, kuɗi ya koma banki da sa hannun mutum uku. Kowace gudummawa a yanka mata rasit. Duk bayan wata uku ma'aji ya tashi a gaban membobi ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a kuma buga shi a mujallar nan tamu. Alkawarin da aka yi a lasifika ba a cika ba, shi ma a karanta.

Na biyar, a yi 'yar yarjejeniya a rubuce da kowane ɗan wasa, da sanin mahaifinsa ko waliyyinsa: ga abin da za mu iya yi maka, ga abin da muke so daga gare ka. A ware wani kaso na kuɗin wata a ajiye domin jinyar wanda ya ji rauni, kada a taɓa shi don sayen jesi. In wani babban kulob ya zo neman yaro, a zauna da iyayensa a fili, kada wani ya sayar da ɗan mutane a bayan fage.

Na shida, ranar wasa a sami dattawa huɗu ko biyar su zauna a bakin fili, a kuma naɗa matasa masu tsare layi daga cikin magoya bayan kansu. Alƙalin wasa baƙonmu ne, mu tarbe shi, mu raka shi har ya hau mota, ko an ci mu ko mun ci. A fara wasa da wuri a tashi kafin Magariba. Kada a sa hoton ɗan takara ko alamar jam'iyya a jesinmu.

Iyayena dattawa, na san wasunku na ganin ƙwallo wasan yara ce, bai kamata mai furfura ya ɓata lokacinsa a kanta ba. Amma rashin zuwanmu ne ya bar filin a hannun masu caca da masu sayar da ƙwaya. Awa biyu ce a mako. Ni dai na sa sunana a farkon masu zama bakin fili, kuma na yi niyyar gobe in Allah ya kai mu in je in gai da yaron nan da ya karye a zamanina, in nemi gafararsa, ko da na makara.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, ina neman afuwar duk wanda maganata ta sosa wa rai. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ƙara mana zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya kiyaye Mubi da jihar Adamawa da Nijeriya baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.